Ƙafar Kofur Umaru

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Sunana Sale, masunci ne ni a Gashuwa har ƙarfi ya ƙare. Wannan labarin jinyar ƙanena ne, Umaru, wanda aka fi sani da Kofur. Ya rasu 'yan shekaru kafin Turawa su bar mulki, bayan mako bakwai a kwance. Ni na yi jinyarsa, ni da matarsa Fanta. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, wanda ya ga gyara ya yi mini uzuri. Ina so duk mai majinyaci a hannu ya ji inda na yi daidai da inda na ɓata. Inda na ɓata ya fi yawa.

Sai na fara da yadda ya zama soja. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka aiko wa masu unguwa cewa ana son mutane, aka ce gidanmu mu ba da namiji guda. Mu biyu ne wurin mahaifinmu, ni ne babba, kuma ni mai unguwa ya kalla. Umaru ya ce, "Yaya na da mata da tsohon ciki. Ni ko akuya ban ajiye ba. A rubuta ni." Ban hana ba, aka rubuta shi.

An kai su wata ƙasa da ake kira Bama, ba ta nan Barno ba, can gaba da Indiya. Mahaifinmu ya rasu yana can. Da ya dawo, ya zo da igiya biyu a hannun riga, da akwatin ƙarfe, da wani gutsuren ƙarfe a bayan ƙwaurinsa na hagu, wanda likitocin soja suka ce cire shi ya fi barinsa haɗari. Wurin ya warke, sai tabo kamar faɗin sule.

Ya kuma dawo da wasu halaye. Ba ya shan ruwa sai an tafasa, ko da na randar masallaci ne. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In aka yi tsawa sai ka gan shi rub da ciki a tsakar gida, ya rufe ƙeya da hannu, in ta wuce ya tashi ya karkaɗe riga bai ce wa kowa komai ba. In aka matsa masa da tambaya, ya kan ba da labarin matsattsaku masu faɗowa daga kan itace su shige wuyan riga. Mu da muka san matsattsaku a tafki suke, sai mu yi dariya. Nan da nan gari ya yanke hukunci, wai Bama ta taɓa shi. Yara na kiransa Mai Dafa Ruwa. Ni ban taɓa kiransa haka ba, amma in an faɗa a majalisa, da ni ake dariya. Alhali gonarsa ta fi tawa gyara, komarsa ba ta kwana da ɓula, kuma ban taɓa riga shi sahun asuba ba.

Ciwon ya fara ne ranar su, wato kamun kifi na gayya. Da bazara ruwa ya ja baya, aka buɗe wani tafki ta wajen Dagona, muka shiga da gora da koma kamar kowa. Can sai na ga Umaru ya fito yana jan ƙafa. Ƙayar kifin nan ƙurungu ce ta soke shi, kuma duk faɗin ƙafar ba ta sami wuri ba sai tsakiyar tsohon tabon. Wane masunci ne ƙurungu bai soka ba? Na ce ya tofa yawu ya dawo, kifi na wucewa. Bai dawo ba. Ya koma gida ya sa Fanta ta tafasa ruwa da gishiri, ya wanke ya ɗaure.

Kwana uku ƙwaurin ya kumbura yana sheƙi, in ka taɓa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Shi da bakinsa ya ce in kai shi ɗakin shan magani. Na ɗora shi a jaki muka je. Mun zauna a layi tun hantsi har aka kira azahar, babu inuwa sai ta bango. Malamin asibitin mutum ne mai faɗa, amma ya san aikinsa. Ya wanke, ya shafa aidin, ya danna gefen tabon ya ce, "Akwai wani abu a ciki?"

"Ƙarfe," in ji Umaru. "Tsarabar Bama."

"To wannan ya fi ƙarfina. Allurar fansilin yake so, ni kuwa ba ni da ita. Ku tafi Nguru gobe, kada ku kai jibi."

A hanya Umaru ya ce mini ya san fansilin, ya ga ta ta da mutanen da aka fid da rai da su. Ni kuwa hankalina na kan kifi. Mun kama da yawa, yana kan wuta ana banda, in ban tsaya ba ya ƙone ko ya ruɓe. Na ce a bari kasuwa ta ci tukuna. Ya ce to. Haka makon farko ya tafi a kan banda.

Mako na biyu Baba Aji ya shigo maganar. Shi ne ƙanen mahaifinmu, kuma tun rasuwar tsoho ba a yanke komai a gidan sai da shi. Ya duba ya ce mugunya ce ta taru ta rasa ƙofa, sakiya za a yi. Ya aika aka kira wanzami.

Umaru ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba maruru ba ne. Akwai ƙarfe a ƙasa, in aka huda aka cusa garin magani, dattin ciki zai bi."

"Kai da aka harba da bindigar Turawa ba ka mutu ba, kibiyar wanzami kake tsoro?"

"Ba tsoro ba ne, Baba. Na ga irinsa."

"Ka ga irinsa a Bama. Nan Bade ne." Ya juyo gare ni ya rage murya, amma ba yadda Umaru ba zai ji ba. "Ciwon kan ne ke magana. Ku riƙe shi."

Muka riƙe shi, mu huɗu. Ni na danne ƙirjinsa. Wanzami ya sa kibiya a wuta har ta yi ja, ya soka. Umaru bai yi ƙara ba, ya dai zuba mini ido, ni kuma na kalli katanga. Mugunya ta fita kusan cikin ƙoƙo, aka cika ramin da garin bagaruwa da man shanu. Gaskiya kwana biyu ya sami barci, har ya sha fura da kansa. Baba Aji na zagaya unguwa yana cewa da an bi ta yaran zamani da yanzu ana can ana galabaita a mota.

A mako na uku, ina gyaran koma a zaure da safe, Fanta ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, 'yarsu Zara na goye a bayanta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba.

"Yaya, ka zo ka ga yatsun."

"Me suka yi?"

"Biyu sun yi baƙi. Na tsunkule su bai ji ba. Kuma ƙuda ba sa barin ɗakin."

Warin ya tare ni tun daga bakin asabari. Mu masu kifi ne, ba a koya mana warin abin da ya fara lalacewa. A ranar na sayar da tunkiyata, washegari muka hau motar ɗaukar banda mai zuwa Nguru, aka shimfiɗa masa tabarma a kan kaya. Hanyar a lokacin rairayi ce zalla. Sau uku motar na kafewa, mu sauka mu tura, shi yana sama rana na dukansa, Fanta na kare masa fuska da mayafi. Mun tashi da hantsi, ba mu ga hayaƙin jirgin ƙasan Nguru ba sai bayan la'asar.

Mun sauka gidan abokinsa Saje Mamman, wanda suka yi Bama tare. Bamange ne ɗan asalin garin, yana gadin wani siton gyaɗa kusa da tasha. Hannunsa na dama daga gwiwa babu, ya naɗe hannun rigar ya soke da fil. Da ya ga ana sauko da Umaru sai ya ƙame ya sara da na hagu.

"Kofur, ashe har yanzu ana ɗaukarka kamar buhun gero."

"Ai gara ni, Saje. Masu hannu biyu ke ɗaukata."

"Wushe, wushe," in ji Saje, yana yi masa sannu da yarensu. "Amma Babade dai bai iya zuwa baƙunta ba sai da warin kifi."

"Wannan karon ba kifi ba ne."

Saje ya ɗaga tsumman ya duba, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dube ni ya ce, "Kwana nawa?" Na ce an kusa ashirin. Ya ba mu ɗakinsa ya koma rumfa. Allah ya saka wa Saje. Kwanakin da muka yi a Nguru ko ƙwayar gero bai bari mun saya ba.

A asibiti aka ba mu kati, aka ce likita ya fita rangadi. Kwana biyu muna zuwa muna komawa, muna ɗauke da Umaru a kan ƙyaure. Mutane daga ko'ina, wasu daga Yusufari a kan raƙumi. Na ji haushin jiran nan ƙwarai, na yi ta mita, na manta ni na jira kwana ashirin ba wanda ya sa ni.

Rana ta uku aka ba shi gado, likita ya zo. Bature ne dogo, da tafinta a gefensa. Da ya ga tabon ya tambayi inda aka samo shi, Umaru ya amsa da Turancin bariki, suka ɗan taɓa hira har likitan ya yi murmushi. Sannan ya bi ƙafar da yatsa yana dannawa, daga idon sawu zuwa sama. Ya ja layi a kan fata da wata shuɗiyar tawada, yatsa huɗu ƙasa da gwiwa. Kalmar da ya faɗa har yau tana kunnena: gangirin. Tafinta ya ce ma'anarta naman ya mutu, kuma mutuwar hawa take yi. In an yanke a kan layin nan, mutum zai tashi. In ta haye gwiwa, sai dai addu'a.

Umaru ya ce, "Yessa. A yanke." Kamar wanda aka tambaya ko a ƙara masa miya.

Na ce, "Umaru, ƙafa ce fa."

"Na sani, Yaya, ni nake takawa da ita. Na ɗauki mutane a kafaɗa zuwa tantin likita. Waɗanda aka yanke wa sun dawo gida. Waɗanda suka ce a bari, mu muka haƙa musu rami. Masunci na iya hawa gora da ƙafa ɗaya."

Aka yi masa allurar fansilin, aka ce jibi za a yi aikin.

Washegari sai ga Baba Aji, ya biyo mota ya zo dubiya. Da na gaya masa, ya ja ni bayan ɗakin majinyata. Ya ce tun kakanninmu ba a taɓa binne ɗan gidanmu da guntun jiki ba. Ya ce da me mutum zai tsaya ranar tsayuwa, ƙafa na Nguru gangar jiki na Gashuwa? Ya ce duk Bade za a ce ni na kai ɗan'uwana mahauta. Ya ce maganar da Umaru ya yi ba tasa ba ce, ai mai hankali ba ya cewa a yanke shi ko gezau.

Zan iya ɗora wa Baba Aji laifin duka, ya rasu ba zai musa ba. Amma maganarsa ta sami wurin zama ne don akwai abin da ke raina tun kafin ya zo. Ƙarfen nan da ke ƙafar Umaru, ni ya kamata ya sama. Muddin yana tafiya da ƙafa biyu ina iya mantawa. In ya dawo da sanda da dungulmi, kullum ya ratsa tsakar gida sai na tuna wanda mai unguwa ya kalla. Ban faɗa wa kaina haka a lokacin ba. A lokacin cewa na yi addini nake karewa.

A ranar zazzaɓi ya rufe shi. Yana rawar ɗari, yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana neman shigewa ƙarƙashin gado. Da gari ya waye likita ya zo da takardar da za a dangwala hannu, ya ga halin da yake ciki, ya tambaya wane ne babba a danginsa. Fanta ta tafi gidan Saje dama kunu. Daga ni sai Baba Aji.

Na ce wa tafinta, "Gaya masa ba mu yarda ba."

"Ai mai ƙafar ya yarda shekaranjiya."

"Ba shi da cikakken hankali. Tun da ya dawo daga yaƙi haka yake. Duk garinmu an sani, ga baffansa nan a tambaye shi."

Tafinta ya juya maganar. Likita ya dube ni, sannan ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce, "Ya ce shi ya yi hira da mutumin nan, bai ga mahaukaci ba. Zazzaɓi ne. Za a ƙara allura, in ya sauka zuwa gobe a sake tambayarsa. Abin da ya faɗa da bakinsa shi za a yi."

Na san abin da zai faɗa. Don haka da rana ta yi tsaka, ma'aikata suka ragu, ni da Baba Aji muka naɗe shi a tabarma muka fita da shi ta baya. Na ce wa Fanta likita ya sallame mu, ya ce a ƙarasa a gida.

Saje ya cim mana a tashar mota yana haki. Ya zare fil ɗin ya fito da dungulminsa a gaban mutane.

"Malam Sale, dubi nan. Hannuna na can Bama, tururuwa sun gama da shi tuni. Ni ga ni a Nguru ina cin tuwo, 'ya'ya uku na haifa bayansa. Likita bai sallame ku ba. Mai da shi."

Na ce, "Saje, mun gode da ɗawainiya. Amma wannan maganar gida ce."

"Gida. Ranar da ƙarfen nan ya shige shi ni na goyo shi, da hannuna biyu a lokacin. Kana ina?"

Direba ya ta da mota. Fanta ta ji komai. Ta gyara wa mijinta matashi. Daga ranar har ta bar duniya, gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da ita.

A gida babu abin da ba mu yi ba. An yi rubutu an sha, an yi turare, wani Bafillace daga Jakusko ya kawo saiwa a jiƙa. Bandar da na ƙi bari a makon farko a nan ta ƙare. Kowa da maganinsa, kuma kowa daga bakin zana yake miƙowa. Waɗanda suka taya ni danne shi ranar sakiya, yanzu daga waje suke cewa ya jiki. Baba Aji kansa sai ya tsaya a zaure ya yi addu'a ya juya.

Fanta ce ba ta gusa ba. Ta tafasa ruwa, ta wanke, ta kore ƙuda da mafici, ta ba shi kunu da ludayi, 'ya na bayanta. Ni nake juya shi, ni nake goya shi zuwa bayan gida. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma kamar ɗaurin kara. Tawadar likita ba ta goge duka ba, kullum in an buɗe ƙafar sai na duba. Baƙin ya cim ma layin, ya wuce, ya doshi gwiwa. Ranar da ya haye, a mako na shida, na je na roƙi malamin asibitin nan mai faɗa. Ya zo har gida bayan ya tashi aiki, ya duba, ya fito da ni waje ya girgiza kai. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ba ni ƙwayoyin rage zafi, ya ƙi karɓar ko anini. Allah ya ji ƙansa.

Duk da haka na ce wa Umaru gobe za mu koma Nguru. Ranar zazzaɓin ya sake shi, idonsa garau, yana jingine a rumfa da hantsi. Fanta ta tafi rijiya.

"Bar mota ta huta, Yaya. Ina jin sa a cinya. Zauna."

Na zauna.

"Na ji abin da ka gaya wa tafinta."

Na ce ba ya cikin hayyacinsa a ranar, mafarki ya yi.

"Zazzaɓi ya riƙe mini baki, bai toshe mini kunne ba. Ka ce ba ni da cikakken hankali, duk gari an sani. Yara sun faɗa, ban damu ba. 'Yan majalisa sun faɗa, ban damu ba. Ban san kai ma ka yarda ba."

"Ban yarda ba, Umaru."

"To wannan ya fi muni."

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini, ni na kashe shi.

"Kai ba ka isa ka kashe kowa ba, kwana ne ya ƙare. Ƙafar na yafe. Tafiya soja ma, in ita ke cin ka, ni na ce a rubuta ni. Abu ɗaya ne ban yafe ba tukuna." Ya nuna zanin goyon Zara da ke shanye a kan igiya. "Yarinyar nan a garin nan za ta tashi. Za a ce mata 'yar mahaukaci. Kai ne babba, in ka faɗa za a ji. Ka gaya wa mutane ubanta da hankalinsa. Tsawa kawai nake tsoro, ita ma da dalili. In ka yi wannan, mun rabu lafiya."

Na ce na ɗauka. Na rantse masa.

Ya ƙara kwana tara. Saje ya zo daga Nguru da sabulu da bandeji, ya zauna a gefensa, bai ko dube ni ba. Kwana biyun ƙarshe Umaru ba ya karɓar komai sai ruwa a auduga. Ya cika tsakanin azahar da la'asar, kansa a cinyar Saje, ni ina maimaita masa kalmar shahada yana bi har muryar ta ɗauke.

Wurin wanka na ga abin da na tsare. Ƙafar ba ta ko taɓuwa. Liman ya ce a naɗe ta a ƙyalle a zuba ruwa daga sama. Bayan an dawo daga maƙabarta na tsaya da limamin, na tambaye shi a kaikaice, wai mutumin da aka yanke wa gaɓa, yaya tashinsa ranar ƙiyama.

Ya ce, "Gaɓar a binne ta, shi ke nan. Wanda ya yi ka daga babu, haɗa ƙafa ne zai gagare shi? Wanda kada ya cinye fa?" Sai ya tsaya ya dube ni. "Sale, don wannan kuka dawo da shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Tsakanin gidana da naku zana ce. Ka kira wanzami, ka kira mai saiwa tun daga Jakusko."

Bai ƙarasa ba, ya shige gida.

Saura alkawari. Ban cika ba. Ranar sadakar uku mutane sun taru, na buɗe baki, sai na ga in na ce Umaru da hankalinsa, tambaya ta gaba ita ce, to me ya sa kuka ƙi bin maganarsa? Na ce sai ranar bakwai. Ranar bakwai na ce sai arba'in. A majalisa aka ci gaba da cewa Allah ya ji ƙan Kofur, ya huta da ciwon kai, ni kuma in ce amin.

Zara a hannuna ta tashi. Ban bambanta ta da 'ya'yana ba a ci ko a sutura, kuma da wannan nake rarrashin kaina. In yara sun tsokane ta na kan kore su da sanda, amma ban taɓa cewa ƙarya suke ba. Da ta isa aure wani gidan mutunci suka nema, ita ma tana so, magana ta yi nisa, sai suka janye, wai ana gudun abin da ke bin jini. Ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Na je gidan da kaina, na zauna da uban yaron, na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, na tashi. Daga baya ta auri wani mutumin kirki a Nguru. Wannan alherin Allah ne, ba nawa ba.

Bara na kwanta ciwo, na ga kamar tafiya ce, na aika ta zo. Ita ma yanzu da jikokinta. Na gaya mata duka, har tafinta, har abin da ubanta ya roƙe ni a rumfa. Sai ta tambaye ni.

"Da an yanke, da ya tashi?"

"Allah ne masani. Likita ya ce zai tashi. Shi ma ya ce zai tashi."

"Baba, shekara nawa ina duba 'ya'yana. In ɗaya ya cika shiru sai gabana ya faɗi, in ce ko abin Kofur ne ya biyo shi." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni na ji. Amma ba ni ya ce ka gaya wa ba. Mutane ya ce."

To ga shi, ko da yake waɗanda ya kamata su ji yawancinsu suna ƙasa. Mai jinya, in majinyacinka ya san ciwonsa, ka saurare shi ko da kai ne babba. Kuma wanda wannan takarda ta isa hannunsa, ina roƙonsa ya karanta ta a zaure inda za a ji. Ni Sale, yayan Umaru, ina shaida: da hankalinsa ya je Bama, da hankalinsa ya dawo, da hankalinsa ya ce a yanke. Wanda ya ce wa likita ba shi da hankali ƙarya ya yi, kuma ni ne. Allah ya ji ƙan Kofur, ya sa ya karɓi wannan daga gare ni ko da ya makara.